Kwalaben Auta

Shekarar da autata za ta gama jami'a, ta zo hutun damina da kwalabe goma sha biyu, ta jera min su a ƙarƙashin rumfa. Rabi ta cika da ruwan rijiya, rabi da na kududdufin bayan gidanmu, inda Malam, mahaifinta, ke wanke injin feshin maganin ciyawa in ya dawo daga gonarsa ta hanyar Dutsi. Kowace kwalba ta saka mata waɗansu 'yan halittu da ba su kai ƙwayar gero ba, sai tsalle suke.

Ni kuwa 'yar zamanin kurkunu ce. An koya mana duk ruwan da abu ke motsi a ciki, a tace shi. Tana fita kasuwa na ɗauko farin ƙyalle, na tace su tas, na wanke kwalaben na kife.

"Inna! Kin kashe min digiri!"

"Digirin ƙwari? Ai da kin faɗa, da na buɗe miki buhun wake kyauta."

Da na ga hawaye take na gaske, sai na bar raha. Ta ce dangin jatan landen teku ne, namu na ruwan daɗi. 'Ya'yansu take ƙirgawa, in babu lissafin babu kammala karatu. Muka koma kududdufi da ƙyallen nan nawa, muka kamo sababbi, ta sake raba su a kwalaben kamar da. Hukuncina shi ne ƙirga. Sai da na haifi bakwai na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma lambata ba ta karkacewa.

Kullum da hantsi ina duƙe da gilashin da ke ƙara girman abu. Iyayen duk lafiya lau, kowace na jan jakar ƙwai kamar mai zuwa talla. 'Ya'yan ne suka bambanta. Na rijiya ba sa tsayawa a ƙirga su, sai na yi ta zaginsu. Na kududdufi 'yan kaɗan ne, kwance a gindin kwalba. Su ban zage su ba.

Na kai wa Malam kwalba ɗaya ta ruwan kududdufi har kan buzunsa.

"To ai iyayen ras suke," in ji shi.

"Kai ma ras kake, Malam. Awakina masu ciki can suke shan ruwa."

Washegari ya haƙa ramin wanke injinsa nesa da kududdufi, yana haƙa yana gunaguni.

Auta ta gama karatunta. Har yau Malam na mita, wai an rubuta laifinsa, an yi masa bango mai kauri an ajiye a jami'a, kuma matarsa ce ta yi lissafin.