Gilashin Falalu da Wankan Gawa

Duk garin Abu Hujar ba wanda bai san Falalu mai boksi ba, tsohuwar motar nan mai buɗaɗɗen baya. Albasa yake kai wa kasuwa, amma in mace na naƙuda ko an yi rasuwa, sai ya sauke buhunan ya ɗauki mutane. Shiru-shiru ne. Ni maƙwabcinsa, ni ke yin faɗan a madadinsa.

Wata safiya aka bugo daga wani ƙauye kusa da Rufa'a cewa yayar maƙwabciyarmu Inna Hauwa ta rasu. Marigayiyar ta daɗe da karɓar alkawari a bakin ƙanwarta cewa ita za ta yi mata wanka, ba wata ba. Falalu ya ɗauki Inna, suka kama hanya.

Tun cikin jiharmu ta Sinnar 'yan murur, masu kula da hanya, suka tare shi kan tsagewar gilashin gaba. Ya biya tara, suka ba shi rasit, suka ce ya ishe shi yinin. Yana shiga jihar Jazira wasu 'yan murur suka ɗaga hannu. Gilashin dai.

"Na biya a Sinnar, ga shi," in ji Falalu.

"Wannan na Sinnar ne. Nan Jazira ce."

Falalu ya ce to, zai sake biya. Jami'in ya ce ina, motar wata jiha ce, sai an tabbatar daga can ba a binsa wani laifin, kuma waya ba ta shiga. Ya karɓe lasisin Falalu ya jefa a aljihu. Jama'a, ƙasa ɗaya fa! Kogi ɗaya muke sha! Ofis biyu sun kasa yarda da hatimin juna, sai tsohuwa ce za ta gasu a rana? Wallahi har yau in na tuna, raina ɓaci yake.

Falalu ya roƙa, ya nuna Inna tana kuka. Ya tsayar da motocin haya don su ɗauke ta, duk a cike. Gawa kuwa ba ta jira a zafin nan. Da aka sake su suka isa, maza na dawowa daga maƙabarta. Wata maƙwabciya ce ta yi wankan.

Inna ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Ba laifinka ba ne, ɗana."

Ya shiga mota ya kifa kai a sitiyari, ya yi ta kuka.