Lissafin Rijiyoyin da Yaya Lawal Ya Bari

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Lawal, malamin lissafi a jami'a. Ciwon hanta ne ajalinsa. Ya bar mini kwamfutarsa da aikin da bai ƙarasa ba.

A kan rijiyoyinmu aikin yake. Yana son kwamfuta ta nuna yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ja baya tsakanin Batsari da Safana daga kaka zuwa bazara, don mutane su daina wahalar haƙa inda za ta ƙafe. Dabararsa ita ce a rarraba tsayin ruwan zuwa layuka masu hawa da sauka, manya da ƙanana, a bi kowane shi kaɗai. Da ƙasar iri ɗaya ce ko'ina, da tuni an gama. Amma jigawa ba ta riƙe ruwa kamar laka, kuma adadin riƙon nan yana manne da ɓangaren da ke auna canjin ruwa bisa lokaci. Sai layukan su sarƙe, kwamfuta ta ƙi karɓa.

Ni malamin sakandare ne a Safana, kuma ni kaɗai yake samu ya yi wa bayani. Ina goye da shi a babur, za mu Tsaskiya awon rijiya, sai ya ɗaga murya: "Sada, ko mu raba komai da adadin, ko mu riƙe matsakaicinsa mu tura ragowar ɗaya gefen. Wanne ka gani?" Nakan ce ya bari mu sauka tukuna.

Yau rijiyoyin da muka auna wajen Runka, wasu ba mai jan ruwansu. Mutanen sun tashi saboda 'yan bindiga. Ban san me zai ce ba da ya gani. Ina jin zurfinsu zai tambaya.

Bara, da hutun makaranta, na gwada hanya ta biyu. Mako uku ina ɓata ina gyarawa. Ran wata Talata da hantsi lissafin ya tafi har ƙarshe bai watse ba. Na miƙe tsaye, na rasa wanda zan gaya wa. Inna ce kaɗai a gidan, tana gyaran gyaɗa. Na faɗa mata.

"Ana iya zuwa a haƙa?"

"Ba yanzu ba, Inna."

"To, ka adana masa da kyau."

Na adana. Abin da ya rage nasa ke nan: amsa daidai, tana jiran mutane su koma gida. Allah Ya jiƙan Yaya.