Gam ɗin da Ya Ceci Injin Kaka Falmata

A gidanmu na unguwar Galtimari, injin markaɗen Kaka Falmata ne yake faɗa mana lokaci. Da ya yi shiru bayan magariba, mun san an tashi aiki, sai mu kwasa da gudu zuwa bakin murhu, inda take zuba gyaɗa cikin toka mai zafi. Ni Yagana kullum ina jikin gwiwarta, yayana Ya Modu kuwa yana gefe yana nuna shi ya girmi tatsuniya, alhali kunnensa ya fi na kowa tsawo. Kaka takan goge hannunta mai warin baƙin mai, ta ce da Hausarta mai gardin Barebari, “Ta fito, ta fito, wa zai tare ta?” Mu kuwa mu kwashe da ihu, “Mu ne!”

Wadda na fi so ita ce ta matar nan ta bakin Tafkin Chadi da tukunyarta guda ɗaya ta tsage. Wai tana cikin kuka sai ga Ƙaro yana ƙyalli, ya ce shi duk abin da ya kama ya kamu. Ta liƙe tsagar da shi, ta zuba ruwa, Ƙaro ya narke ya bi ruwan. Sai Kakin Zuma ya zo yana ƙamshi, ya ce shi ruwa bai isa ba. Ya riƙe ruwan kuwa, amma da aka ɗora tukunya a wuta, sai ya tsiyaye. A nan Kaka takan lanƙwashe kamar ita ce kakin, mu yi ta birgima don dariya.

Na ukun Yumɓu ne, ya zo bai ce komai ba. Matar ta riga ta sha wuya, sai ta ce masa, “Kada ka gaya mini abin da ka iya. Me kake tsoro?” Ya ce, “Gaggawa. Ki shafa ni, ki bar ni in bushe.” Ta bar shi, tukunya ta yi ta dafa mata kifi har ta tsufa. Kaka takan ɗaga yatsa ta ce, “Kun ji ko? Kowa ya iya cika baki. Ku tambayi abin da yake tsoro.”

Bara, shekara biyu bayan rasuwarta, injin ya fara zubar da baƙin mai ta murfin gefensa. Gasket ɗin wurin, wato takardar nan mai kauri da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ta cinye. Ya Modu ya yanko sabuwa ya lafta mata farin gam ɗin da aka sa wa gilashin tagarmu. Kwana biyu mai ya cinye shi, tsakar gida ta koma baƙa. Ya Modu ya ce ya gaji, ranar Asabar ɗan gwangwan zai zo ya kwashe injin a kilo. Wallahi ji na yi kamar an ce za a sake ɗaukar Kaka a makara.

Ranar Alhamis na yafa mayafi na nufi shagon kayan inji na wani Inyamuri a kasuwa. Ya jera mini gam kala uku, kowanne ya ce mai kyau ne. Na ce, “Oga, bar yabon. Wannan farin me yake tsoro?” Ya dube ni ya fashe da dariya, ya ce, “Hajiya, ke bakanike ce? Fari yana tsoron mai. Ja na wurin wuta ne sosai. Naki wurin mai ne, ɗauki mai ruwan toka. Amma ƙanƙare tsohon tas, shafa kaɗan, kada ki kunna sai kwana ɗaya ya cika.” Na kusa yin guɗa a tsakiyar shagon!

Da hannuna na ƙanƙare murfin, na wanke shi da fetur, na shafa gam ɗin siriri kamar kwalli, na ɗaure notuna ɗaya nan ɗaya can. Ranar Juma’a kuwa na kafa tabarma na tsare injin, duk wanda ya doso shi sai na kore shi.

Asabar da hantsi ɗan gwangwan ya iso da kurarsa. Na shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin injin, na zuba mai, na ja igiya. Ya yi tari, ya sake tari, sai ya kama! Muka zuba wa kwalin ido. Aka markaɗa wake kwano uku na maƙwabta da suka jiyo ƙara suka fito, kwali yana nan fari fat. Na yi tsalle na manta ni uwar ’ya’ya huɗu ce.

Sai da hayaniya ta lafa na lura da Ya Modu zaune a kan turmi shi kaɗai. A lokacin na gane na yi wa gam tambayar da ban taɓa yi wa ɗan’uwana ba. Na ɗauka bai damu da Kaka ba ne, har na yi kwanaki ina gaishe shi sama-sama. Na tsuguna na ce, “Ya Modu, me ya sa ka so rabuwa da shi?”

Ya dubi injin ya ce, “Yagana, ni na wanke ɗakinta bayan an fita da ita. Ba zan iya fitowa kullum in tarar da wannan ma a mace ba.” Ya tashi ya sallami ɗan gwangwan da kansa, ya dawo ya karɓi kwano na huɗu daga hannuna.