Notunan Tsohuwar Jif

Ƙarshen bazara ne, irin zafin da ko ruwan randa ba ya sanyi. Soja ba su daɗe da karɓe mulki ba, komai sai an bi layi, sabulu da madara da mai. Damina ta wuce ba ta bar mana gero mai yawa ba, saboda haka idonmu duka yana kan albasar da maigidana ya yi a fadama, can wajen Kajiji. An cire ta, an jibge a rumfar kara, tana jiran mai kwasowa. In ruwan farko ya riga mu, hanyar ta zama laka, albasa kuma ta ruɓe a inda take. Abincinmu na shekara ke nan.

Masu manyan motoci sun ƙi shiga wannan hanya saboda yashi. Shi ya sa maigidan nawa, Malam, ya sayo wata tsohuwar jif a hannun wani ɗan siyasa a Bodinga, wadda aka gama yawon kamfe da ita aka yar. Da shanu aka jawo ta. Sai da aka fasa gefen katangarmu kafin ta shiga tsakar gida, ta tsaya kusa da turmi, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin hutu.

Malam ya taɓa yin yaron mota yana saurayi, ya ce hannunsa bai manta ba. Ya kankare alamar jam'iyya daga ƙofa, ya ƙara mata sifirin biyu a baya don ta ɗauki nauyi, ya kafa katako a gefe ya ɗaga bodin. Sannan ya buɗe injin. Duk notin da ya kwance sai ya ajiye a kan tabarma, wannan nan, wancan can, ni dai a idona a warwatse suke. Ya tafi Sakkwato neman gaskit, abin da ake shimfiɗawa tsakanin injin da murfinsa, aka ce masa babu, sai da ya kwana biyu a can kafin ya samu.

Ni kuwa tun ina yarinya ba a bar ni na ga abu a watse na wuce ba. Na share gida, na zo kan tabarma, na kwashe notunan na wanke da kananzir, na ware su yadda ake ware wake: manya a kwano ɗaya, matsakaita a wani, ƙanana a ƙoƙo. Har daɗi nake ji.

Da ya dawo ya tsaya a kan tabarmar ya daɗe. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Mi kinka yi haka?" ya ce a hankali. "Kowane da raminai na aje shi."

Ya nuna mini cewa kaurinsu ɗaya amma tsawo ya bambanta. In dogo ya shiga gajeren rami aka ɗaure, yana iya tsaga ƙarfen. In gajere ya shiga dogo, ba zai riƙe ba. Surukata, Inna, tana zaune a inuwa tana kaɗi, ta ce ai gara da ban dafa su ba, tunda na riga na tsince.

Malam ya aika wa wani bakanike a Bodinga, ya aiko cewa sai bayan mako biyu. A ranar da yamma muka ga hadari ya leƙo ta gabas ya koma.

Na ce wa Malam ya ba ni kwana biyu. Ya dube ni, ya tafi masallaci. Na ɗauko tsintsiyar da na yi sharar da ita, na zare tsinke, na zura a ramin farko har ya taɓa ƙasa, na karya shi daidai baki. Na je kwano ina gwada tsinken da notuna ɗaya bayan ɗaya har na sami wanda ya dace. Ina da guntun alli da littafin da muke rubutu da shi a ajin yaƙi da jahilci. Na rubuta ɗaya a jikin ramin, na zana injin a littafi yadda na iya, na ɗaura wa notin ƙyalle mai lamba ɗaya. Haka na bi su. Lambobina karkatattu ne, bakwai ɗina ma malamarmu kullum sai ta gyara, amma ni ina gane abina.

Tuwo ya yi latti ranar, washegari ma haka. Baƙin mai ya shiga farcena ya rufe lallen. Inna ta daina zolaya, ta matso da tabarmarta, ta riƙa zare mini tsinke tana miƙo mini. Wasu ramukan sai an cire laka da tsatsa kafin tsinke ya kai ƙasa, biyu na auna ba daidai ba na sake.

Rana ta uku Malam ya tsuguna da sifana, ni ina tsaye da littafi.

"Sha huɗu," na ce.

"Ba ni shi, Malama."

Bai taɓa kirana haka ba. Na miƙa masa, ban ɗaga kai ba.

Bayan la'asar maƙwabta suka tura motar ta inda aka fasa katanga. Ta yi tari, ta yi shiru, ta sake yi, sannan ta kama, hayaƙi ya cika gida, kaji suka watse.

Sawu uku albasar take. Biyu sun iso a bushe. A na ukun ruwa ya tare Malam bayan Shagari, motar dai ta ratso lakar ta kawo shi gida, amma buhunan sama sun jiƙe sharkaf. Ya sauke su a zaure, ya ce wataƙila waɗannan sun tafi.

Da gari ya waye na shimfiɗa tabarmi a inda motar ta daɗe tana tsaye, na zazzage buhunan, na zauna ina taɓa kowace albasa a wuya. Mai tauri na shanya, wadda ta fara laushi na ware don a yanka a busar. Inna ta jawo kujerarta ta karɓi wuƙa.