Ranar da Na Ba Yaya Mabuɗin Saba

Kai, ranar da na buga umarnin ls a baƙin allon kwamfutar nan, sunayen karatun Malam suka zubo reras, sai da na yi ihu a cikin shago! Ba wanda ya koya mini. A waya na koya, ina tsaron shagon kawuna a Agege.

Malam shi ne limamin masallacinmu, Allah ya jiƙansa. Tafsirinsa duk a kaset yake, danshin Legas yana cinye su ɗaya bayan ɗaya. Ni na juye su cikin wata tsohuwar kwamfuta, na mai da ita saba, wato wadda ba a kashewa, kowa ya saurara daga wayarsa. Har 'yan dakon kasuwar Mile 12 suna ji. Da aka ga haka, sai aka kwashe ruɓaɓɓun kaset ɗin aka ƙone.

Abu na farko da ake koyo shi ne root, babban mabuɗi. Mai riƙe da shi, kwamfuta ba ta masa gardama. Kowa sai ka yanka masa ƙaramin mabuɗi daidai aikinsa. Na san wannan sarai.

Sai ga Yaya, babban ɗan Kawu, mai gyaran waya a Mushin.

“Kai injiniya, ba ni lambar sirrin.”

Na ce, “Yaya, bari in buɗe maka taka daban.”

“Tawa daban? Ni da na goya ka? To oga, sannu.”

Kawu ko ɗagowa bai yi daga auna shinkafa ba. “Ba yayanka mana. Yaushe ka fara rowa?”

A gidanmu ƙarami ba ya riƙe mabuɗin da babba bai da shi. Na rubuta a bayan kwalin ashana na miƙa.

Ran Juma'a saba ta yi nauyi, wurin ajiyarta ya cika. Mai gyaran waya kuwa magani ɗaya ya sani: a goge, a sake. Ya nemo rm -rf a wani bidiyo, umarnin da ke share komai ba tambaya, ya danna a kan jakar karatun. Yana zaton akwai kwandon shara kamar na waya. Babu. Ni ma ban ajiye kwafi a wani wuri ba, kullum sai in ce gobe. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne bayan Magariba. A gaban jama'a Yaya ya ce, “Dama na faɗa, kayan yara ne.” Ni aka sa na durƙusa na ba iyalan Malam haƙuri. Matarsa ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, “Ɗan nan, ko Fatiharsa ba ta rage ba?”

Ba ta rage ba.

Don Allah ku da kuke wannan harka, in babba ya miƙo hannu yana neman root, me kuke ce masa? Ku gaya mini, ni har yau ban samo amsar ba.