Mutumin da ke cikin rami

Ina da shekara tara na daina ja wa kakana sanda zuwa masallaci. Aikina ne tun da idonsa ya mutu, kuma ina son aikin, don yakan kira ni amaryarsa, ni kuma in ce ba na son tsohon miji. Yaran lakwal, wato makarantar boko, su ne suka ɓata mana.

A ƙauyenmu, kusa da Tabla, kakana Alu da abokinsa Sanda su ne masu tsaga katako a zamaninsu. In madaci ko gawo ya faɗi, sai a gina rami, a gicciye gungumen a kai. Mutum ɗaya ya hau sama, ɗaya ya shiga ƙasa, su riƙa jan dogon zarto tsakaninsu. Na sama ke bin layin gawayi, shi ake yabo. Na ƙasa kuwa garin itace ke zubo masa a fuska. Shekara da shekaru kakana na ƙasa, wai tsoron hawa yake ji. Jikokin Sanda suka sa mini suna jikar matsoraci, na ji kunya, na ce ƙafata ke ciwo.

Kwana uku yana lalube bango shi kaɗai.

A rana ta uku, da aka gama tuwo, Inna Hajo, kakata, ta tura karan hatsi cikin murhu, muka kewaye ta. Kakana na gefe a kan tabarmarsa.

"Ga wata nan tahe," in ji ta.

"Ta taho mu ji ta."

Ta ce wasu abokai biyu ne suka sayi zarto ɗaya. Suka yi alkawari: yau kai sama, gobe ni. Amma duk ranar da ƙaramin ya wuni cikin rami, sai ya kwana yana tari, ƙirjinsa na kuka. Babban yana ji ta bayan dangarsa. Ya san in ya ce masa ya bar ramin, ba zai yarda ba, don mutum ne mai girman kai. Sai wata safiya babban ya hau gungume, ya yi rawar ƙafa, ya zauna daɓas.

"Yac ce, 'Wallahi jiri nika ji, ban iya sama. Ka yi man rai ka bar man ramin.' Gari duka sunka yi ta yi mai dariya. Shi ko yab bar su."

Na tambaya, "Inna, daga baya an gane?"

"Wa za ya hwaɗi musu?"

Daga tabarma kakana ya yi gyaran murya. "Ke tsohuwa, wagga tatsuniya ta ko tsegumi?"

"Kai dai ka sha hurarka," in ji ta. "Tawa ta ƙare, wanda bai ji ba asararshi."

Ban gane duka ba a lokacin. Tausayin mutumin ramin dai ya kama ni. Da asuba na kama sandar, kakana ya ce, "Ƙahwar ta warke, amarya?" Na ce ta warke.

Ina aure a Filingue aka aiko mini kakana ya rasu. Wajen gaisuwa na tarar da Sanda, ya tsufa tukuf, amma numfashinsa lafiya lau, idonsa garau. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Muna samari, babu mai rigan Alu hawa giginya. Na sani tun ranar. Na yi shiru, don ina son raina."

Yanzu inji ke tsaga katako a Baleyara, ramin kuma ya cike tuntuni. Abin da ke damuna har yau shi ne kwana ukun nan. Kakana ya jure dariyar gari tsawon rayuwarsa, amma Inna ta gaya mini a kwanakin da na ƙi shi ko abinci bai iya ci ba.