Yatsu Uku na Mai Tikitin Jirgi

Wautar da na tafka a duniya tana da yawa, amma akwai guda da ko an sa ni a kabari ba zan manta ba. Lokacin ba a jima da samun mulkin kai ba. Idanun innata suka rufe, aka ce sai Yamai za a iya yi mata aiki. Wana da ke can ya ce a sako ta a jirgin sama, in buga masa waya ranar da zai tarye ta.

Na tambayi mai sayar da tikiti tsawon tafiyar. Ya yi wani farasanci, ya ɗaga mini yatsu uku. Ni kuwa gwanin lissafi, da karatun lakwal ɗina na wata biyu, na ce kamyo, babbar motar kaya, yana cinye mako a hanya, jirgi da ya fi shi sauri ai kwana uku daidai ne. Ban sake tambaya ba, kar a ce ɗan unguwarmu Dagmanet bai san jirgi ba. Na je gidan waya na sa aka rubuta wa wana: Inna ta taso Litinin, ka tarye ta Alhamis. Har guzurin dabino da cuku na kwana uku na ɗaure mata.

Da hantsi jirgi ya tashi. Bayan azahar ina zaune a rumfar wani maƙeri ina cika baki, sai wani direba ya dube ni.

"Kwana uku? Kai, awa uku ne! Tuni tsohuwarka ta sauka."

Mace ba ta gani, ba ta jin zabarmanci, ba ta san ko sunan unguwar ɗanta ba. Na zura a guje ba takalmi, na tarar gidan waya a rufe, sai la'asar. Na tsaya a rana ina ta ganin Inna tana lalube a filin da ba ta san gabas ba. Da aka buɗe, na ce wa ma'aikacin, "Rubuta: ba Alhamis ba, yanzu!"

Laraba da safe amsa ta zo. Kwana biyun nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. Ashe wata mai shara a filin ce ta gan ta zaune kan ƙunshinta, ta ja ta gida. Sai da wana ya bi ƙofa ƙofa ya same ta, suna cin dabinona.

Tun ranar, in aka ce mini uku, sai na ce, "Uku na me?" Ko a yi dariya.

Da Inna ta dawo, idonta garau, ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ni dai kafin azahar na isa Yamai. Hankalinka fa, a raƙumi ya taso?"